Launi mai dusashewa a kan riga: tambayoyi da amsoshi game da aikin ɗige-ɗige a bugun raga

Tun da masu zane a kwamfuta suka yawaita a Sakkwato, da wuya a yi mako guda ba a shigo shagona da zane a waya ba, mai launin da ya fara da ja wur ya tafi yana sanyi har ya koma rawaya, ko kuma hoton fuskar wani, a ce a buga shi a riguna hamsin ko ɗari. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu shirin kammala karatu, ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa, masu kamfe, masu biki, kowa irin wannan yake so yanzu. Wasu daga cikin 'yan'uwana masu bugun raga mayar da aikin suke yi, wasu kuma su karɓa su ɓata rigunan mutane. Abin yana damuna, domin aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ga tambayoyin da yaran shago da abokan sana'a suka fi yi mini, da amsar da nake ba su.

Me ya sa ba za a buga launin yadda yake a kwamfuta ba, sai an mayar da shi ɗige-ɗige?

Saboda raga ba ta san rabi-da-rabi ba. Kowane ido nata ko dai a buɗe yake tawada ta wuce, ko kuma imalshan, maganin da ake shafa wa raga wanda haske ke daskarar da shi, ya toshe shi. Kamar rariyar tankaɗe ce: gari ya wuce ko ya tsaya. Idan ka fitar da fim, wato shara-sharan takardar da ake buga zanen a kanta, mai toka-toka ka ɗora a raga, haske zai ratsa shi kaɗan-kaɗan, imalshan ya daskare a wani wuri ya ƙi a wani wuri, kana wankewa ya fita ɓaro-ɓaro ba tsari.

Dabarar ita ce a yaudari ido. A wurin da ake son launi ya yi ƙarfi a sa manyan ɗigo masu haɗewa da juna, a wurin da ake son ya yi sanyi a sa ƙanana da rata a tsakaninsu. Tawadar ɗaya ce, ƙarfinta ɗaya, girman ɗigon kaɗai ke canzawa. Daga nesa ido ya gauraya tawada da farin riga, ya ga launi yana dusashewa. Wannan shi ne haftun. Ɗauki kowace jarida ka kusanto da hoton da ke cikinta ga idonka, za ka gan su a jere.

Tsohuwar dabara ce. A 1852 wani Bature a Ingila, William Henry Fox Talbot, ya yi rajistar tunanin sa ƙyalle mai shara-shara domin ya farfasa hoto, a 1880 jaridar Daily Graphic ta birnin Niyok na Amurka ta buga hoto da haftun, a 1882 kuma Georg Meisenbach na Jamus ya yi rajistar tasa hanyar. Abin da ke burge ni a nan shi ne da ƙyalle aka fara, mu ma kuma da ƙyalle muke aiki har yau.

Mene ne LPI, kuma nawa zan sa?

Yawan layukan ɗigo ne a cikin inci ɗaya. Idan ka sa 45, to a kowane inci akwai layi 45 na ɗigo, wato daga tsakiyar wannan ɗigo zuwa na kusa da shi ya ɗan haura rabin milimita. Lamba ta yi sama, ɗigo ya ƙanƙance, hoto ya yi laushi, aiki kuma ya yi wuya. A bugun riguna galibi tsakanin 45 da 55 ake tsayawa, masu injin zamani su kai 65. Mai bugu da hannu wanda bai saba ba, ina ba shi shawara ya fara da 35.

Amma kada ka zaɓi lambar nan kana zaune gaban kwamfuta. Tashi ka duba ragar da ke jingine a bango tukuna.

To wace raga ce ta dace?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan aka fi yin asara. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna bi ita ce lambar raga, wato yawan zarenta a inci ɗaya, ta ninka LPI sau huɗu zuwa biyar. Raga 110 ba ta ɗaukar abin da ya wuce 22 zuwa 27. Raga 156 tana ɗaukar 35. Raga 200 ta ɗauki 45. Raga 230 ta ɗauki 50 zuwa 55, raga 305 kuma ita ce ta 65.

A kula da lambar da ke jikin ragar, domin ƙidaya iri biyu ce. Amurkawa suna ƙirga zare a inci, Turai da yawancin ragar da ake shigo da ita suna ƙirgawa a santimita, da harafin T a ƙarshe. Saboda haka 43T ita ce 110, 61T ita ce 156, 90T ita ce 230, 120T ita ce 305. Ninka lambar T da 2.54 ka samu ta inci. Na sha ganin yaro ya yi saƙon raga daga Kano ko Legas ya ce a kawo masa "120", a kawo masa 120 ta inci, alhali 120T yake nufi, mai laushin da ya ninka waccan fiye da sau biyu.

Ga dalilin ƙa'idar. A ɓangaren da launi ya yi sanyi, ɗigo ɗan ƙaramin rami ne a jikin imalshan, idan ya faɗa daidai kan zare mai kauri sai zaren ya tare shi, tawada ta rasa hanya. A ɓangaren da launi ya yi ƙarfi abin juyawa yake: ɗan guntun imalshan ne ya rage shi kaɗai, kewaye da buɗaɗɗen wuri, yana bukatar zare biyu ko uku da zai kama. Idan idon raga ya fi shi faɗi, ruwa na taɓa shi zai tafi. A raga 110, idon ya kai wajen milimita 0.15. Ƙaramin ɗigo na kashi 5 cikin ɗari a LPI 65 kuwa bai wuce milimita 0.1 ba. Ina zai tsaya?

Ban san wannan lissafi ba sa'ad da na fara. Wata makaranta ta ba ni rigunan bikin ƙarshen shekara, zanen faɗuwar rana ne, ja a sama rawaya a ƙasa. Na ga 65 ta fi kyau a allon kwamfuta na sa ta, na haska a kan 43T domin ita kaɗai gare ni. Da na ɗaga ragar sama bayan wanki, sai na ga saman zanen ya buɗe fayau kamar taga, ƙasansa kuma a toshe, tsakiya kaɗai ke da ɗigo, su ma wasu sun ci rabi. Saboda ƙurewar lokaci na buga hakanan, da fatan tawada za ta rufa asiri. Riga goma sha biyu na buga kafin na tsaya, duk suka fito da jan dunƙule a ƙirji da ƙazamin layi a ƙarƙashinsa. Daga aljihuna na biya su. Da na sake fim ɗin a 25, a kan wannan raga dai, ɗigon ya fito manya ana ganinsu, amma tsaf, daga sama har ƙasa ba wanda ya ɓace, malaman kuma suka karɓa da murna. Tun ranar na tsaya a kan cewa babban ɗigo mai tsabta ya fi ƙarami da ya toshe, kuma a kan haka nake horar da duk yaron da ya zauna a wurina.

Idan kana da zaɓi, sayi raga mai launin rawaya. Farin zare yana watsa haske gefe-gefe a cikin imalshan ya cinye ƙananan ɗigo, rawaya kuwa yana shanye shi. Sai dai tana bukatar ƙarin lokaci wajen haskawa.

Wani zane kamar igiyar ruwa yana fitowa a cikin bugun, alhali babu shi a fim. Daga ina?

Ka taɓa ninka gidan sauro biyu ka duba ta cikinsa? Za ka ga wasu layuka masu lanƙwasa suna yawo, waɗanda babu su a jikin ko ɗaya. Abin da ke faruwa ke nan. Ɗigon a jere suke, zaren raga a jere yake, saƙar rigar ma a jere take, idan jeri ya hau jeri sukan haifi na uku. Sunansa mware, kalmar Faransanci ce.

Maganinsa karkata layin ɗigo. Zaren raga yana tafiya a miƙe da a kwance, wato digiri 0 da 90, don haka a guji waɗannan biyun, a guji 45 ma. Digiri 22.5 shi ne abin da akasarin masu bugun riguna suka dogara da shi. Kafin ka shafa imalshan, ɗora fim ɗin a kan busasshiyar ragar ka ɗaga su ga haske. Idan akwai mware za ka gan shi tun a nan. Idan ka gan shi, rage LPI da biyu ko uku, ko ka canza raga. Sannan ka duba yadda aka ja ragar a jikin katako. Wadda aka ja da hannu aka buga mata ƙusa, zarenta yakan karkace a wani gefe, sai mware ya fito a kusurwa ɗaya kaɗai.

Ɗigo mai wace siffa?

Mai siffar ƙwai. Mai kusurwa huɗu yana haɗewa da maƙwabtansa ta ko'ina a lokaci guda idan an kai kashi 50, sai launi ya yi tsalle a tsakiyar zane. Mai siffar ƙwai yana fara haɗewa ta tsawo, daga baya ta faɗi, tsallen ya rabu biyu. Idan babu shi a manhajarka, ɗauki zagayayye.

Yaya ake yi a kwamfuta?

Da farko kai zanen girman da za a buga shi, santimita nawa faɗi, nawa tsawo. Wannan kafin komai. Sannan ware launin da za a buga shi kaɗai, ka mayar da shi baƙi da toka: inda tawada za ta cika ya zama baƙi ƙirin, inda babu ita ya zama fari.

A Photoshop, shiga Image, sai Mode, ka zaɓi Grayscale, ka sake komawa ka zaɓi Bitmap. A wurin Output rubuta 600, wato yawan ɗigon firinta a inci, a Method zaɓi Halftone Screen. Zai tambaye ka abu uku: Frequency shi ne LPI, Angle ka sa 22.5, Shape ka zaɓi Ellipse. A CorelDRAW, wanda shi ne a hannun mafi yawanmu, zaɓi zanen ka shiga Bitmaps, ka yi Convert to Bitmap a Grayscale, sannan Mode, sai Black and White, a nan ka zaɓi Halftone ka cika lambobin. Wanda ba shi da ko ɗaya, GIMP kyauta ne, yana da Newsprint. Manyan shaguna suna amfani da manhajar RIP irin su AccuRIP, wadda ke yin ɗigon da kanta a lokacin fitar da fim.

Rubutu da tambari da duk abin da ke da baki mai kaifi, ware su gefe, kada su shiga haftun, in ba haka ba bakinsu zai zama kamar haƙoran zarto. Bayan an yi ɗigon a mayar da su kan zanen.

Daga nan kada ka ƙara taɓa girmansa, kada ka juya shi. Ajiye shi a TIFF ko PNG ko PDF, ban da JPEG. Idan a wani shago za a fitar maka, kai shi a filashi ko ka tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto ya lalata ɗigon. Ka tsaya a kan mai firinta har ya sa girma ɗari bisa ɗari. Da zarar ya danna a daidaita da takarda, lissafinka duka ya rushe.

Me ya sa 600? Firintata tana fitar da 300 da kyau.

Kowane ɗigon haftun da ƙananan ɗigon firinta ake gina shi. Raba 300 da 45 ka ninka amsar da kanta, za ka samu matakin launi wajen 44 kacal, shi ya sa dusashewar ke fitowa hawa-hawa kamar matakala. Da 600 matakan sun kai wajen 178, ido ba ya ganin gaɓa. Shi hoton asali ba ya bukatar haka, fiksel 150 zuwa 300 a inci a girman bugu ya wadatar. Amma hoton da aka sauko da shi daga Facebook ɗan mitsitsi aka buɗa shi ya cika ƙirji, babu lambar da za ta gyara shi.

Bugun ya fi na kwamfuta duhu sosai. Laifin wa?

Ba laifin kowa ba ne, halin tawada ne. Idan robar da ake jan tawada da ita ta danna ta a kan auduga sai ta bazu, kowane ɗigo ya kumbura. Wanda ka tsara a kashi 50 yana iya fitowa kusan 70, na 85 kuma ya haɗe ya zama cikakken launi. Hana shi gaba ɗaya ba ya yiwuwa, sai dai a riga shi: a rage duhun tsakiyar zanen tun a kwamfuta, da Curves, wurin daidaita haske da duhu a manhaja, kafin a yi ɗigo. Zanen zai yi maka fari-fari a allo, kamar ya koɗe. Haka ake so.

Nawa za a rage? Hannunka da ragarka da tawadarka ne za su faɗa maka. Yi ɗan fim na gwaji mai akwatuna a jere, 5, 10, 20, 30 har zuwa 90, 95 da 100, ka haska ka buga a tsohuwar riga. Duba akwatin da ya fara fitowa da wanda ya fara toshewa. Tsakaninsu shi ne filin da kake da shi, duk zanenka ya zauna a ciki. Gwajina yana manne a bango kusa da kwamfuta, da lambar raga da LPI da sunan tawada a rubuce a ƙasansa, duk lokacin da na canza ɗaya daga cikinsu sai na sake wani.

Ƙarshen launin yana yankewa da layi maimakon ya ɓace a hankali.

Ɗigon da ya gaza kashi 5 da wuya raga ta riƙe shi, a raga mai kauri ma har 10. Inda suka daina fitowa, nan layin yake. Rage LPI domin ƙananan su ƙara girma, ko ka tsara zanen yadda dusashewar za ta ƙare a jikin wani abu, kamar rubutu ko da'ira, ta tsaya a kashi 10 ba sai ta kai sifiri ba.

Idan launi biyu ne, ja yana komawa rawaya?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa ja ya dusashe zuwa tsakiya, rawaya ma ya dusashe zuwa tsakiya, sai farin riga ya leƙo a inda suka haɗu, wurin ya koɗe. Hanyar da ta fi sauƙi: buga rawaya cikakke a ƙarƙashin wurin duka, ko kusan duka, sannan ja ya hau kansa da ɗige-ɗige. A tsakiya ido zai ga ruwan lemo, da raga biyu ka samu launi uku. Mai haske a ƙasa, mai duhu a sama. Amfanin wannan kuma, ko ragar ta goce da ɗan kaɗan ba wanda zai lura.

Takardar tiresin, wato shara-sharan takardar kwafin zane, za ta yi, ko dole sai fim?

Tiresin da firintar leza tana yi a 35, har 45 idan tona sabuwa ce. Matsalarta biyu. Baƙinta ba ya cika, ɗaga ta ga rana za ka ga haske na ratsawa. Sannan zafin firinta yana sa ta ɗan tsuke, wanda ke wahalar da aikin launi biyu ko uku. A rubutu mukan ninka biyu domin baƙin ya ƙaru, amma a haftun kada ka gwada, ɗigon ba za su hau kan juna daidai ba. Farar takarda da aka shafa wa mai kuwa a bar ta wa manyan haruffa. Fim na firintar tawada, mai rufi a fuska ɗaya, shi ne ya fi baƙi da kaifi, kuma idan aikin riga ɗari ne kuɗinsa ba komai ba ne a kan asarar riga biyar.

Da rana nake haskawa. Za ta fitar da ɗigo?

Ƙwarai kuwa. Mutane suna raina ta saboda kyauta ce, alhali a wannan aiki ta fi akwatin fitilu masu tsawo da yawa. Haskenta daga wuri ɗaya yake zuwa, inuwar kowane ɗigo tana faɗuwa da kaifi. Fitilu da yawa kuwa suna jefo haske ta kowane gefe, ya kutsa ƙarƙashin ɗigo ya rage shi. Mu da Allah ya ba rana irin ta Sakkwato bai kamata mu yi kukan rashin injin ba.

Sharaɗinta shi ne fim ya manne da imalshan, babu ko iska a tsakani. Ka yanka soso daidai cikin katakon, ka lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, ka kifa ragar a kansa, fim a sama da fuskar tawada tana kallon imalshan, sannan gilashi mai nauyi, milimita 5 ko fiye, a danne. A ɗaki ake haɗa wannan duka, a rufe da kwali, a fita, a fuskanci rana sosai, sannan a ɗauke kwalin a fara ƙirga.

Aibinta shi ne ba ta tsayawa a ƙarfi ɗaya. Ta ƙarfe goma daban da ta azahar, ta watan Afrilu daban da ta Disamba. Idan hazon hunturu ya rufe gari har inuwarka ta daina fitowa da kaifi a ƙasa, hasken ya watse, ba ranar haftun ba ce. Lokacin da za a ɗauka ya danganta da irin imalshan, don haka gwaji ne kawai: rufe ragar da kwali, ka riƙa ja da shi kana buɗe yanki-yanki duk bayan daƙiƙa goma, ka wanke ka ga yankin da ƙanana da manyan ɗigo suka tsira tare. Idan lokaci ya zarce, ƙananan ramuka su toshe. Idan ya gaza, cikin ragar ya yi santsi kamar kuɓewa, guntayen imalshan su bi ruwa. Rubuta sa'a da wata da daƙiƙa a littafi.

A inuwa ake wanki. Jiƙa fuska biyu, bari minti ɗaya ko biyu, sannan ka fesa ta fuskar da ke taɓa riga, a hankali. Kada a sa yatsa ko soso. Ruwan tankin da ya sha rana ya yi zafi a bar shi ya huce tukuna.

Ragar ta ƙi wankuwa ko kaɗan, alhali ban daɗe a rana ba.

Zafi ne ya riga ka. Imalshan, musamman wanda ake zuba wa garin diyazo mai sa shi jin haske, yana fara daskarewa da kansa idan zafi ya haura digiri 40, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna wuce haka, balle a shago mai rufin kwano. Ni da dare nake shafawa ko bayan sallar asuba, in busar da fanka a wuri mai duhu, ragar a kwance, fuskar riga tana kallon ƙasa. Imalshan da aka riga aka haɗa da diyazo makonni kaɗan yake yi, zafi kuma yana rage masa kwana. Sa shi a firji, ban da wurin ƙanƙara. In babu wuta, ajiye gwangwanin a kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa.

Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce. Ƙwaya ɗaya a kan gilashi ko a jikin ɗanyen imalshan rami ce, kuma a cikin haftun ba ka iya toshe ta ba tare da ka toshe ɗigo ba. Yayyafa ruwa a ƙasa, goge gilashi ciki da waje, rufe ƙofa.

Wajen jan roba fa, akwai bambanci?

Akwai. Yaron da ya saba da manyan haruffa yakan danna da ƙarfinsa duka, ya ja sau biyu ko uku. Wani sabon yaro ya taɓa ce mini, "Maigida, wanga ja guda ai ba ya isa." Na ce masa ya buga biyu, ɗaya ja guda, ɗaya ja uku, ya kai su bakin ƙofa ya duba. Bai sake tambaya ba.

Roba mai tauri, lamba 70 zuwa 80, mai baki kaifi ba lanƙwasa. Riƙe ta kusan a tsaye, ja sau ɗaya, da sauri matsakaici, da ƙarfin da zai share tawadar kawai. A bar rata milimita 2 zuwa 3 tsakanin raga da riga domin ragar ta ɗago da kanta bayan roba ta wuce. Sakwarkwatacciyar raga tana jan ɗigo ya yi wutsiya. Tawadar ruwa tana bushewa a idon raga nan da nan a busasshiyar iskarmu, ƙananan ɗigo ne kuma ke fara mutuwa, don haka lulluɓe zanen da tawada tsakanin riga da riga, kada ka tsaya hira. Filastisol, wani nau'in tawada da ba na ruwa ba, ba ya bushewa a raga, shi ya sa ya fi sauƙi a haftun, amma sai ya sha zafi wajen digiri 160 kafin ya kama riga.

Baƙar riga fa?

Sai an fara shimfiɗa fari a ƙasa, a busar da shi, sannan launi ya hau. Farin ma da ɗige-ɗige ake yinsa, ya yi ƙarfi inda zane ke da haske, ya janye inda ke da duhu a bar baƙin riga ya yi aikin inuwa. Idan da farar tawada kaɗai za ka buga hoto a baƙar riga, tuna ka juya hoton a kwamfuta, fari ya koma baƙi, domin abin da ya yi baƙi a fim shi ne inda tawada za ta sauka. In ka manta, fuskar mutum za ta fito kamar tsohon nagatif.

Zan iya buga hoto mai cikakken launi da raga huɗu?

Ana yi, da shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, wato CMYK, a kan farar riga kaɗai, da tawada ta musamman mai shara-shara da raga 305. Masu buga takarda suna ba kowane launi kusurwarsa, 15 da 75 da 0 da 45, amma a raga sai an karkatar da su, wasu ma 22.5 suke sa wa duka huɗun. Yana bukatar teburin bugu mai hannu huɗu wanda ba ya motsi ko kaɗan. Wanda bai ƙware a launi ɗaya ba, kada ya fara da kayan mutane. Idan riguna goma ne da hoton amarya da ango, gaskiya ita ce a kai su wurin masu DTF, masu fitar da hoto da firinta su manna shi a riga da zafi, ya fi araha ga mai kaya. Raga tana cin riba ne idan adadi ya yi yawa.

Mai kaya ya kusanto da riga ga idonsa ya ce ɗige-ɗige ne, ba abin da ya kawo ba. Me zan ce masa?

Tun kafin ka karɓi kuɗi ya kamata ya sani. Ina ajiye riga ɗaya ta samfuri a shago saboda wannan. Nakan miƙa masa ya duba a hannu, sannan in karɓa in ja baya taku uku in ɗaga. Wani dattijo da ya zo yi wa ƙungiyarsu riguna ya ɓata fuska da ya ga ɗigon, sai na ce, "Alhaji, a duba hular da ke kanka. A kusa zare ne ɗaya-ɗaya, a nesa kuma zane." Ya cire ta ya jujjuya, ya mayar, ya ce a buga.

Idan duk da haka bai yarda ba, kuma launi biyu ne kawai ke shiga juna a miƙe, akwai hanyar da ba ta bukatar ɗigo: a zuba tawada biyu gefe da gefe a raga ɗaya buɗaɗɗiya, a yi ta ja a kan takarda har tsakiyarsu ta gauraya, sannan a fara riguna. Dusashewar tana fitowa sumul. Sai dai ka faɗa masa babu riga biyu da za su zama iri ɗaya sak, kuma bayan 'yan riguna launukan za su cakuɗe, dole a kwashe tawadar a zuba sabuwa.